Darasin motsa jiki: yaya ake sa yaro ya shigo fili da son ransa?

Malam_Usur: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina koyar da darasin motsa jiki a ƙaramar sakandare, ban daɗe da kama aikin ba. Abin da ya dame ni shi ne da zarar mun fito fili sai aji ya rabu uku. Akwai 'yan ƙwallo, waɗanda kafin na iso ma sun raba kansu sun kafa raga da takalmansu. Akwai masu uzuri, wannan cikinsa na murɗawa, wancan ya manto kayan wasa, wata kanta na sarawa. Sai kuma 'yan bin inuwa, su ba su ce ba za su yi ba, amma duk inda ƙwallo ta nufa sai ka ga sun kauce. 'Yan mata kusan dukansu suna kashi na biyu da na uku. Na yi faɗa, na yi barazanar rage maki, sai su tashi su yi ta jan ƙafa har lokaci ya cika. Ku da kuka daɗe a harkar, wace dabara kuke yi? Ko kuwa haka abin yake ko'ina?

Nas_Likita: Wa alaikumus salam Malam. Ko'ina ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bincike kan ɗalibai miliyan 1.6 'yan shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, aka samu kashi 81 cikin 100 ba sa motsa jiki gwargwadon yadda ya kamata. Mata kashi 85, maza 78. Abin da hukumar take so ga 'yan shekara 5 zuwa 17 shi ne awa ɗaya kullum na motsin da zai sa zuciya ta ƙara bugawa. To ka ga ajinka bai fita daban ba.

TsohonKoci: Malam, kafin a ba ka shawara faɗa mana yadda kake tafiyar da darasin tun daga farko har ƙarshe. Minti nawa ne, ƙwallo nawa kake fitowa da ita?

Malam_Usur: Minti 40 ne Baba. Ina kiran suna, su zagaya fili sau biyu, sai na jera su layi kowa ya buga ƙwallo ga mai tsaron gida ya koma baya. Sauran lokacin a buga wasa. Ƙwallo biyu gare mu, ɗaya tana sacewa.

TsohonKoci: To ga matsalarka nan a fili, ba lalaci ba ne. Yi lissafi da kanka. Kiran suna da fitowa sun ci minti 10. Idan yara 50 ne a layi, kowane bugu da ɗauko ƙwallo ya ci daƙiƙa 15, sai yaro ya jira sama da minti 12 kafin ƙafarsa ta taɓa ƙwallo sau ɗaya. Ya buga ta bi iska, aji ya fashe da dariya, ya koma baya. Sannan a fara wasa, 22 su shiga, sauran su zama 'yan kallo. A cikin 22 ɗin ma biyar ko shida ne ke riƙe da ƙwallon. Wanda ya je inuwa ya zauna ya fi ka gane abin da ke faruwa, ya san babu abin da aka tanadar masa.

Gwada wannan gobe. Zaɓi yarinya ɗaya mai shiru-shiru, kada ka faɗa mata, ka riƙe agogo ka ƙirga lokacin da jikinta yake motsi da gaske. Abin da za ka samu zai ba ka kunya. Masana darasin suna neman a ce aƙalla rabin lokacin yaro yana cikin motsi mai sa haki, mu kuwa muna kashe shi a layi.

Uwar_Biyu: Wallahi Baba ya faɗi gaskiya. 'Yata cewa take yi "Mama, tsayuwa kawai muke yi a rana."

Ɗan_Aji_Shida: Ni ɗalibi ne, a yi min afuwa na sa baki cikin maganar manya. Malam, don Allah ka daina sa kyaftin biyu su zaɓi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Ni mai jiki ne, kullum ni da wani yaro mai gilashi ake bari a ƙarshe. Kana tsaye kana ji ana kiran sunaye, layi yana ragewa, har kyaftin ya kalle ka ya ja tsaki ya ce "to zo kai ma, je ka tsare gida." Ba ka fara wasa ba an riga an gaya maka ba a son ka. Daga nan na koyi ciwon ciki duk ranar darasin. Kuma ina son wasa fa, a gida ina tsallen igiya sosai.

Malama_Zee: Allah sarki ƙanena. Na gode da ka faɗa, da yawa malamai ba su san zafin wannan ba domin su a lokacinsu su ake fara zaɓa. Kusan duk mai koyar da motsa jiki tsohon gwanin wasa ne, shi ya sa yake tsara darasi don yaron da ya yi kama da shi. Ni tun a ofis nake raba ƙungiyoyi a takarda, na gauraya masu ƙarfi da masu rauni, na zo na karanta kawai. Babu zaɓe a gaban jama'a.

Alhaji_Tsauri: Ku dai kuna lallaɓa yaran nan da yawa. A zamaninmu wanda ya ƙi gudu tsallen kwaɗo zai yi har ƙarshen fili ya dawo, kuma mun tashi garau. Yau kuma sai an tambayi yaro me ransa yake so? Makaranta ce ko gidan kakarsa?

Malama_Zee: Alhaji, da girmanka, amma dubi abin da kyau. Idan ka hukunta yaro da gudu, ka koya masa cewa gudu azaba ce. Sai kuma gobe ka ce ya so gudu? Ka taɓa ganin malamin lissafi ya yi nasarar sa yaro son lissafi ta hanyar ba shi tambaya ɗari a matsayin horo?

Alhaji_Tsauri: Na ji Malama, amma ba a rasa masu taurin kai da babu abin da ke tayar da su sai tsawa. Kada mu yi kamar duk yara mala'iku ne.

Nas_Likita: Alhaji akwai su, ban musa ba. Amma ina roƙon Malam_Usur kada ya ɗauki duk mai uzuri a matsayin maƙaryaci. Yaro mai asma gudu kan iya tayar masa da ita, musamman a ƙura ko iska mai sanyi, ya kamata abin shaƙarsa yana kusa kuma a fara da ɗumama jiki a hankali. Mai sikila zai iya wasa, amma ƙishirwa da gajiya mai tsanani da zafi ko sanyi mai yawa na iya jawo masa tashin ciwo, don haka a bar shi ya sha ruwa ya huta duk lokacin da ya nema, ba sai ya roƙa ba. Wani kuma bai karya ba ya zo makaranta. Tsallen kwaɗon nan kuwa nauyi yake ɗora wa gwiwa ba gaira ba dalili. Ka nemi iyaye su rubuto maka wanda ke da larura tun farkon zango, zai raba ka da zargi.

TsohonKoci: Bari na dawo kan tambayar. Malam, ka rushe babban wasan nan. Raba filin gida shida ko takwas, uku da uku ko huɗu da huɗu, babu mai tsaron gida. A wasan uku da uku babu wurin ɓuya, ko ka so ko ka ƙi ƙwallo za ta same ka, kuma idan ka yi kuskure mutum biyar ne suka gani, su ma suna fama da nasu. Sai ka riƙa canza doka: ba a cin ƙwallo sai kowa a ƙungiya ya taɓa ta, ko wanda ya ci ba zai sake ci ba sai abokinsa ya ci. Nan da nan gwanin zai fara neman wanda yake rainawa domin yana buƙatarsa.

Wannan ba ƙirƙirata ba ce. Malamai biyu a Jami'ar Loughborough ta Ingila, David Bunker da Rod Thorpe, sun fito da tsarin a 1982. Sun lura ana ɓata lokaci ana koya wa yara bugu da jifa a layi, a shiga wasa kuma su rasa inda za su tsaya. Suka ce a juya abin, a fara da ƙaramin wasa, idan yara suka maƙale sai ka busa usur ka tambaye su, "me ya sa ake ƙwace muku?" Su da bakinsu za su ce mun cunkushe wuri ɗaya. A lokacin ne koyar da miƙa ƙwallo yake shiga kunnensu, domin sun ga amfaninsa.

Malam_Usur: Baba na gode, amma fili takwas ƙwallo takwas ke nan. Ina zan samo? Na rubuta wa ofis tun zangon da ya wuce, har yau shiru.

Mai_Dabara: Kada ka jira ofis ɗan'uwa. Tsofaffin safa a cusa tsumma a ɗinke, ka samu ƙwallon jifa da cafewa, ba ta jin ciwo idan ta bugi fuska, masu tsoron ƙwallo ma sun fi sakin jiki da ita. Robobin ruwa da aka zuba wa yashi su ne alamun iyaka. Igiya ɗaya doguwa yara goma za su yi tsalle a kanta. Gudun ba da sanda kuwa sanda kawai yake nema, amma ka yi ƙungiyoyi na mutum huɗu, kada ka sake komawa dogon layi. Kuma wa ya ce kowane gida ƙwallon ƙafa za a buga?

Hajiya_Shugaba: Ina shugabantar makaranta, bari na yi magana kan 'yan matan, don na ga an wuce su da sauri. Malam, kai namiji ne, akwai abin da ba za su taɓa faɗa maka ba. Shekarun ƙaramar sakandare su ne lokacin da jikin yarinya yake canzawa. Tana jin nauyin yin gudu a gaban maza, wata tana al'ada tana tsoron ya ɓata mata kaya, wata babu inda za ta canza kaya sai bayan aji ko banɗakin da ƙofarsa ba ta rufuwa. "Kaina na ciwo" ya fi sauƙin faɗa a kan duk wannan.

Abin da muka yi ba wani abu ne mai wuya ba. Muka ware aji ɗaya mai labule da sakata don canza kaya. Muka bar su su sa dogon wando da riga mai faɗi, mai rufe kai ta rufe abinta da wanda ba ya da fil. Ai ko a ƙwallon ƙafa ta duniya an amince da rufe kai tun 2014. Muka mayar da wasansu ɗaya gefen ginin inda maza ba sa tsayawa kallo, kuma malama mace tana fitowa tare da su. Wadda ba ta jin daɗin jikinta ranar ba ma cewa ta zauna, ba ma cewa ta yi gudu, tafiya take yi a gefen fili da ƙawarta ko ta riƙe usur. Yarinyar da a da ko tashi ba ta yi, yanzu ita ke zuwa ofishina ƙorafi idan an cinye musu lokaci.

Malama_Zee: Hajiya na yarda da komai ban da raba su kullum. Idan aka raba, sau da yawa maza ke tafiya da fili da ƙwallo mai kyau, a bar wa mata kusurwa da igiya. Wani lokacin a haɗa su a abin da ba ƙarfi ke ci ba.

Hajiya_Shugaba: Wannan gaskiya ne 'yar'uwa, shi ya sa muke karɓa-karɓa da babban filin mako-mako. Haɗawar kuma ya danganta da makaranta da abin da iyaye za su amince da shi.

Baban_Khalifa: Ku gafarce ni, ni uba ne. Ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Wannan darasin ba shi zai kai yaro jami'a ba. Da a ce an ƙara wa lissafi da kimiyya lokacin, ai da ya fi. Yaro yana wasa a gida.

Uwar_Biyu: Wane gida Baban Khalifa? Nawa suna dawowa waya ce a hannu har barci. Wasan da kake tunawa namu ne na da.

Nas_Likita: Ƙari a kan haka, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ambaci cewa motsa jiki yana taimaka wa ƙwaƙwalwar yaro da ƙoƙarinsa a karatu, ba ƙashi da zuciya kaɗai ba. Kuma tun 1978 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da kundin da ya ce ilimin motsa jiki da wasanni haƙƙi ne na kowa, aka sabunta shi a 2015. Ba alfarma ake yi wa yaro ba.

Baban_Khalifa: To na ji. Amma ku faɗa wa malaman su ma su ɗauke shi da muhimmanci. Ɗana ya ce malaminsu jefa musu ƙwallo yake yi ya koma gindin bishiya yana danna waya.

Mai_Dabara: Nan kam ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi, akwai irinsu da yawa.

Ustaz_Bincike: Akwai wani abu da ban ga an ambata ba. Wata firamare a garin Stirling na Sikotland ta fara shirin Daily Mile a 2012, shugabar makarantar Elaine Wyllie ce ta kawo shi. Minti 15 kullum, yara su fita da kayan makarantarsu su yi gudu ko sassarfa, kowa da saurinsa, ba gasa, ba canza kaya. Ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Ba ya maye gurbin darasin, amma yana cire wa yaro ganin motsa jiki a matsayin wani babban abu na ranar Laraba kawai.

TsohonKoci: Ustaz yana da kyau ga 'yan firamare. 'Yan shekara 13 kuwa zagaye ɗaya kullum zai gundure su cikin ɗan lokaci. Su abin da ke riƙe su shi ne a ba su matsayi. Daryl Siedentop na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ya yi littafi a kan haka a 1994. Ƙungiya ɗaya za ta zauna tare tsawon zango, da sunanta, da jadawalin wasanninta, a rufe da gasar ƙarshe. Kowa yana wasa, kuma kowa yana da aiki na biyu: koci, alƙalin wasa, mai rubuta sakamako, mai kula da kaya. Ɗan_Aji_Shida da aka ce ya tsare gida, a wannan tsarin wataƙila shi ne kocin da ke tsara wa zai tsaya ina.

Ɗan_Aji_Shida: Baba da an yi haka da na ji daɗi. Amma kada a mayar da mu masu rubutu kawai, a ce ai an ba mu aiki. Ni wasan nake so na yi.

TsohonKoci: Ka yi daidai ɗana, shi ya sa na ce kowa yana wasa. Malamin da ya miƙa wa mai jiki biro ya ce ya zauna, inuwar ce dai ya canza wa suna.

Maman_Sadiq: Tunda ana maganar waɗanda ake bari a baya, ɗana yana amfani da keken guragu. Duk ranar darasin a aji ake barinsa yana gadin jakunkuna. Ba mugunta ba ce, malamin tsoro yake ji kada ya ji ciwo. Amma akwai ƙwallon raga ta zaune, ana yin ta har a gasar Paralympics ta duniya ta masu buƙata ta musamman, a sauke raga ƙasa kowa ya zauna a buga. Ranar da wata malama ta gwada, duk ajin suka zauna a ƙasa, shi ne ya fi su iya juyawa da hannu. Ya dawo gida bakinsa bai rufu ba.

Malam_Usur: Allah ya ƙara masa lafiya Maman Sadiq. Ina da tambaya kan maki. Idan na daina barazana da shi, da me zan auna su? Yanzu wanda ya fi gudu shi ke samun mafi yawa.

Malama_Zee: To ai tun ranar farko mai gajerun ƙafa ya san ya faɗi, me zai sa ya wahala? Auna kowa da kansa. Farkon zango ya yi tsallen igiya na minti ɗaya ya rubuta adadin a katinsa, ƙarshen zango ya sake. Ci gaban shi ne makin, a haɗa da halarta da yadda yake mu'amala da 'yan ƙungiyarsa. Kuma kada ka kafe sakamakon a allo kowa ya gani.

Mai_Dabara: Malama yaran nan sun fi mu wayo fa. Da sun gane, ranar farko za su yi ta tuntuɓe da igiya da gangan, ƙarshen zango kowa ya zama zakara.

Malama_Zee: Hahaha an yi min! Maganinsa kada ka faɗa musu awon farko na maki ne. Amma ko sun yi wayon, yaron da ke shirya yadda zai yi tsalle da yawa nan da wata uku ai ya shigo hannu.

Ustaz_Bincike: Masana halayyar ɗan Adam biyu, Edward Deci da Richard Ryan, sun ce abu uku ke sa mutum ya yi aiki da son ransa: ya ji yana da zaɓi, ya ji yana iyawa, ya ji yana tare da mutane. Na zaɓin ne ba a tattauna sosai ba. Ba cewa aka yi yaro ya zaɓi ko zai yi ko ba zai yi ba, Alhaji_Tsauri kwantar da hankalinka. Gida uku ka kafa, igiya, jifa da cafewa, ƙaramin wasa, ka ce kowa ya zaɓi inda zai fara, bayan minti 8 a juya.

Alhaji_Tsauri: Hankalina a kwance yake Ustaz. Ina dai jiran na ga malami ɗaya yana kula da gida takwas da yara 50 ba a fasa wa wani baki ba. A rubuce komai mai sauƙi ne.

Malam_Usur: Na dawo da rahoto. Na raba su a takarda, na kafa gida shida da robobi da ƙwallon safa. Hayaniya kam Alhaji bai yi ƙarya ba, minti goman farko kamar zan yi kuka, wasu ba su san filinsu ba, biyu sun yi faɗa kan iyaka. Amma masu zama sun ragu sosai, 'yan mata sun riƙe gidan jifa sun ƙi juyawa. Sabuwar matsalar ita ce 'yan ƙwallona. Sun yi fushi, sun ce na lalata musu darasi da wasan yara, babbansu ya ƙi miƙa wa kowa, da na tsayar da shi ya fita ya zauna.

TsohonKoci: Dole su yi fushi, ka karɓe musu mulki. Kira babban nasu gefe, ba a gaban yara ba, ka ce kana so ya zama kocin ƙungiyarsa kuma za ka auna shi da yawan ƙwallon da 'yan ƙungiyarsa suka ci, ban da nasa. Sannan ka buɗe musu cikakken wasa bayan an tashi, rana ɗaya a mako.

Hajiya_Shugaba: Bayan an tashi wa zai tsaya da su Baba? Malamin ma yana da iyali, kuma sai an nemi izinin iyaye a rubuce. Ni da zan ba da shawara, ya bar musu minti 10 na ƙarshe a gida ɗaya su buga shida da shida, sauran su ci gaba da nasu.

Malama_Zee: Idan ya yi haka Hajiya, mako mai zuwa za su nemi 15.